Inna Ta Koyi Turanci Don Ta Zagi Jikanta

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa shiga aji ba, kuma ba ta taɓa jin ta rasa wani abu ba. Hausa ta ishe ta faɗa, Larabci ya ishe ta ciniki a kasuwar Hajj Abdalla, sauran harsunan duniya kuwa ta bar wa masu su. Amma da furfurarta da komai ta zauna ta koyi Turanci daga waƙar 'yan firamare, kuma ba don ta karanta kwalin magani ba. Ta koya ne don ta zagi wani yaro da ke zaune a Ingila.

Dole in yi bayani, don na san waɗanda suka tashi a birni za su ɗauka tsohuwar ta fara ruɗewa. A ƙauyenmu, kamar duk inda Bahaushe ya kafa rumfa daga Jazira har Damazin, kaka ba ta lallashin jika. Tsokanarsa take yi. In namiji ne, to mijinta ne, kuma mijin banza: bai kawo cefane ba, kansa ya yi girma, ƙafarsa ta yi kaushi, ita saki take nema. Shi kuma da zarar bakinsa ya buɗe sai ya rama. Ya ce mata tsohuwa mai bakin buhu, ya ce ba ya cin tuwonta, ya ce ya sake ta zai auri mai haƙora. 'Ya'yana maza sun sha wannan a hannun Inna tun suna rarrafe. Ƙaramin ya taɓa ce mata fuskarta ta fi gonar da aka yanke wa ruwa tsagewa. Ta bi shi da muciya har ƙofar gida, ta dawo ta zauna tana dariya har da hawaye, sannan ta aika aka sayo masa agashe mai zafi daga bakin tasha. Jikan da bai zagi kakarsa ba, a wurinmu, ko dai ba shi da lafiya, ko ba a nuna masa ita ba.

Yaron Ingila ɗan Yayana ne, Yaya kuma shi ne ɗan farin Inna. Ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a kallon idonsa, ba a nuna an san da zamansa. Tun da aka yaye shi kakarmu ta wajen uba ta ɗauke shi, Inna ta riƙa binsa da ido daga nesa. Ban taɓa jin ta kira shi ba. "Wancan" take cewa, in ranta ya yi fari ta ce "mutumin nan". Ranar da zai bar ƙasar, rabin gari ya fita bakin hanya rakiya, ita tana bayan ɗaki tana yanka kuɓewar shanya. Ni auta ce, ni na kwashe duk shagwaɓar gidan, kuma na san abin da ke cikin matar nan. Son da al'ada ta hana ta nuna wa Yaya ba zubar da shi ta yi ba. Ajiye shi ta yi tana jiran ɗansa, don da shi babu kunya.

Yaya kuwa mutum ne mai saurin tuɓe harshe. Da ya tafi karatu birnin Madani, hutun farko ya dawo da Larabci zalla, in ka yi masa Hausa a cikin mutane sai ya waiga ya ga ko wani ya ji. Ban ce ba shi da dalili ba. Duk mun san yadda ake taɓe baki a mota in an ji harshenmu, mun san sunan da ake jifanmu da shi. Amma mu haɗiyewa muka yi muka ci gaba da maganarmu, shi ya haɗiye har da harshen. Da ya isa Ingila kuma sai Larabcin ma ya fara yi masa nauyi. Matarsa 'yar ƙauyen da ke gaba da namu ce, uwarta har yau godogodo take damawa tana sayarwa, amma su biyun suka zauna suka yanke shawara cewa yaro zai rikice in aka haɗa masa harsuna, Turanci kaɗai za a yi masa. Mu da muka tashi da harshe biyu a baki ga mu nan a rikice, muna ta noman auduga.

Ran Juma'a bayan la'asar suke kira. Shabaka, wato sabis ɗin waya, ba ta shigowa gidanmu, sai mun hau gaɓar tur'a, babbar hanyar ruwan da ke zuwa daga madatsar Makwar, mu tsaya kusa da gada inda mata ke wanki. Ni ke riƙe waya. In fuskar Yaya ce a ciki, Inna sai ta juya gefe tana kallon ruwa, ta ce mini, "Tambayi mutanen can ko suna lahiya." Ya amsa da Larabci, ni kuma in maimaita mata abin da ta riga ta ji da kunnenta. Amma da an ce ga yaro, sai ta fizge wayar daga hannuna.

"Kai, mai gidana, yau ma hannu wofi? Wanga kai naka da mi aka cika shi? Dubi kunne awa na zomo. Ni dai ka sake ni in huta."

Yaron ya kalle ta da manyan idanunsa, ya juya wurin ubansa. Sai mu ji Yaya daga gefe yana faɗa masa wani abu da Turanci. Yaron ya yi murmushi, ya sumbaci tafin hannunsa, ya hura mata. Haka ake yi duk mako. Inna tana cewa yaron ɗan haƙuri ne, tara mata yake yi, ranar da zai fashe sai ta gudu.

Wata Juma'a muna komawa gida ta tambaye ni, "Mi wancan ke ce mishi in na gama?"

Turancina na sakandare ne, wanda aka binne ranar da aka gama jarrabawa, amma wannan kam na gane shi tuntuni. Na ce, "Ce masa yake, kakarka ta ce tana sonka, ta ce ka yi kyau."

Ta tsaya cak a tsakiyar hanya. "Ni? Ni na ce ina son shi?"

"Haka yake juyawa, Inna."

"Ashe duk zagin da nike yi, wanke shi ake kafin shi isa."

Ranar ba ta taɓa tuwo ba. Abin dariya ne, kuma na yi dariyar, amma ta ba ni tausayi ƙwarai. Yaron yana can yana girma, ya ɗauke ta wata tsohuwa mai kirki da ke zaune cikin waya, ita kuwa babu abin da take nema a duniya kamar ya buɗe baki ya ce mata mummuna.

Makarantar firamare bayan katangarmu take. Duk abin da aka koyar a can muna ji daga rakuba, rumfar da muke shan iska a tsakar gida, ko muna so ko ba ma so. A lokacin an kawo sabuwar ustaza mai koyar da Turanci, 'yar garinmu ce da ta yi karatu a Madani. Littafi bai ishi yara ba, sai ta tsara musu waƙa da kanta, ta akuya da jaki da suka haɗu a bakin ruwa. Yara suna tafi suna rerawa har rufin kwano ya amsa:

Mai ir is long, yor ir is longar,
Mai hed is big, yor hed is biggar.

Wato kunnena dogo ne, naka ya fi tsawo. Kaina babba ne, naka ya fi girma. Haka akuya ke bin jaki gaɓa gaɓa, daga wuya zuwa ciki, daga haƙora zuwa wutsiya, a baiti na gaba kuma jaki ya juyo kanta. Ustaza ta yi ta ne don yara su san sunayen sassan jiki, su bambance nawa da naka, su iya gwada wani abu da wani. Mu dai a gida ciwon kai muka ɗauke ta.

Wata safiya Inna tana ɓarar gyaɗa, waƙar tana tsallako katanga, ta ce in faɗa mata abin da yaran nan ke ihu a kai. Na faɗa mata. Hannunta ya tsaya cikin kwarya.

"Wato gori akuyar ke yi mishi?"

"Gori ne."

"Shi kuma ya rama?"

"Yana ramawa."

Ta ce, "Ashe Turawa ma sun san mutunci."

Da aka tashi makaranta ta yafa tobinta ta ce in raka ta. Ustaza ta tarbe mu da Larabci mai santsi, irin na gidan rediyo, tana "tafaddali ya hajja" tana jawo kujera. A makaranta ba ta jin Hausa, haka ta faɗa wa yara. Inna ta bar ta ta gama, ta ce, "Ke, ni na riƙe uwarki ranar da kika faɗo, kuma kukan Hausa kika yi. Ajiye Larabcin nan, ba wurin hukuma na zo ba." Nan take Hausar ustaza ta dawo, ba ko tabo a jikinta. Aka yi shawara: Inna za ta saurari waƙar daga bayan katanga da safe, ustaza kuma ta biyo gidanmu da yamma ta sha jabana, gahawarmu, ta warware mata ma'ana. Ustaza ta ji daɗi sosai. Ta ce za ta ba da labarin a taron malamai, tsohuwa mai neman ilimi don ta gaisa da jikanta. Ta fara mata da barka da safiya da yaya kake. Inna ta kaɗa hannu ta ce, "Bar wanga, koma wurin jakin."

Ban taɓa ganin ɗaliba irin Inna ba, kuma ba yabo nake ba. Ba ta yarda da kalma sai ta taɓa abin da hannu. In an ce kai ta dafa kai, in an ce wuya ta shaƙe wuya, in an ce ciki ta bugi nata ya yi ƙara. Da farko nawa da naka suka riƙa sarƙe mata. Ta tare mijina a ƙofar gida, ta nuna shi da yatsa, ta sanar da shi da Turanci cewa kanta ya fi girma. Shi bai san me aka ce ba, ya durƙusa ya ce amin. Da ustaza ta gyara mata, sai ta samo dabara: in za ta ce "mai" ta dafa ƙirji, in za ta ce "yor" ta miƙa yatsa har ya kusa shiga idon mutum. Daga nan ba ta sake zagin kanta bisa kuskure ba.

Ƙarin nan na "ar" da ke nuna abu ya fi wani kuwa ya yi mata daɗi fiye da kima. Ta ce harshen da ke da guntun abu ɗaya tak na cewa na fi ka, masu shi sun san abin da suke so. Ta liƙa shi a kan komai, har kan kalmomin Hausa. Miyar maƙwabciya ta zama salamar, wato ta fi lami. Ustaza ta ce ba haka ake ba, akwai ƙa'ida. Inna ta ce in ƙa'idar ta zo ta same ta a gida.

Jakinmu ne ya fi kowa shan wahala. A hanyar hawasha, gonar da hukumar noma ta yanka wa mahaifinmu, tana bisa kansa tana rera masa aibinsa tun daga kunne har wutsiya. Lokacin tsinkar auduga ne, mata sun cika layuka, kowa da buhu a ƙugu. Waƙar aikin da aka saba ta mutu, sai ta akuya da jaki. Matan suka sa mata suna Hawajiya, wato Baturiya, suna tambayarta yaushe za ta fara cin tuwo da cokali mai yatsu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da Turanci, wannan hancinta, waccan cikinta, wata kuma wuyanta. Ba wadda ta gane, amma kowa ta san an taɓa ta, don yatsan yana nan.

Da waƙar ta zauna mata, sai ta fara neman abin da babu a ciki. Ta tambayi ustaza yadda ake cewa miji, da yadda ake cewa na banza, da nama, da sukari. Ustaza ta ba ta biyun farko kafin ta ankara. Ta ajiye finjalin jabana ta ce, "Ya hajja, wai mi za ki ce wa yaron?"

Inna ta faɗa mata.

"Can fa ba a yi wa yara haka."

"Can ba su da kakanni? Daga ƙwai suke hitowa?"

Ustaza ta kalle ni ko zan taimaka. Ni kuwa ina bayan Inna, don na gaji da wankin da Yaya ke yi wa maganarta. Sauran kalmomin ni na tono mata su daga kabarin sakandare.

Juma'ar da ta ce ta shirya, ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗauko tobin da take zuwa suna da shi. Matan wanki suka ajiye sabulu suka matso, don labari ya riga ya zaga gari. Aka yi gaisuwar mutanen can kamar kullum, ita tana kallon ruwa. Sai ga yaro. Yana cikin famfara, haƙoransa na gaba sun zube, an yi masa sabon aski, kunnuwan sun fito fili. Inna ta karɓi waya, ta gyara tsayuwa, ta miƙa yatsa.

"Yor hed is big. Yor ir is long. Donki ir is long, yor ir is longar."

Yaron ya buɗe baki. Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da maganar kakarsa ta isa kunnensa ba ta bi ta hannun kowa ba. Inna ta ga haka, ta ƙara wuta.

"Yu mai hasban. Bad hasban. No mit, no shugar. Go."

Matan wanki suka kwashe da dariya, wata har ta rangaɗa guɗa. Inna ta ja baya kaɗan, ta riƙe ƙugu, tana jiran abin da zai dawo. Leɓen yaron na ƙasa ya fara rawa. Ya sa hannu biyu ya rufe kunnuwansa, ya fashe da kuka, irin kukan da numfashi ke ɗaukewa kafin murya ta fito. Hoton ya girgiza, muka ga rufin ɗaki, muka ji uwarsa tana tambayar me ya faru, sannan fuskar Yaya ta cika wayar.

Ya fara da Larabci, ya ga bai ishe shi ba, sai ga Hausa ta dawo tsaf, da karin ƙauyenmu da komai, Hausar da na yi shekaru ban ji daga bakinsa ba. Ashe tana nan, ajiye ta ya yi don ranar da zai yi wa uwarsa faɗa.

"Inna, mi ya sa kika yi haka? Yaron nan kullum da kunnen nan ake tsokanarsa a makaranta, har ƙin zuwa yake. Ke kaɗai ce yake cewa kullum kina ce mishi kyakkyawa. Kuma miji? In ya je ya faɗa wa malamarsa wata tsohuwa ta ce shi mijinta ne, kin san har gida za a zo a bincike mu?"

Inna ta riga ta miƙo mini wayar ta juya baya. Ɗan fari yana mata magana kai tsaye, a gaban matan gari, kuma kunyar ɗan fari ta hana ta ramawa. Matar da ba a taɓa kayar da ita a faɗa ba tun daga nan har kasuwar Hajj Abdalla ta tsaya tana gyara bakin tobi. Ta ce mini a hankali, "Ce ma mutanen can yamma ta yi, mu za mu koma."

Ni ba ɗan farina ba ne, don haka na buɗe masa wuta. Na ce ita ta ce masa kyakkyawa, ko kai ka ƙaga? Na ce kai ba kai ne kake ce wa kakarmu mai wuyan kunkuru ba, tana ba ka ƙanzo kana ƙara mata? Wa ya zo ya bincike ta? Ya ce wancan wani zamani ne, wani wuri ne, ba zan gane ba. Na ce in ya iya bayyana wa yaro abin da ya sa ƙanƙara ke sauka, zai iya bayyana masa mece ce kaka. Ya kashe wayar. Maganar makarantar ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba, yaro ne ƙarami a cikin baƙin mutane. Amma haushin Yaya ya fi yawa a raina.

Na zaci zan tarar da ita kwance. Na same ta a rakuba tana soya bun, 'ya'yan gahawar da ake dafa jabana da su, fuskarta fes.

"Kin ga ya ji?" ta ce. "Ya ji ni da kunnenshi."

"Inna, kuka fa ya yi."

"Duk haka suke farawa. Naki babban ma bayan randa ya ɓuya yana sheshsheka, bai daɗe ba ya dawo da tashi." Ta juya bun ɗin. "Kunnen kam na bari, tunda 'yan banza sun riga ni. Laihina ɗaya, na kai hari ban ba shi makami ba. Yaron bai san ta inda zai kama ni ba."

Sai karatu ya koma sabo. Wannan karon nata aibin take tarawa. Ta sa ustaza ta koya mata tsohuwa, da mummuna, da babu haƙori, da furfura. Ustaza ta koyar ba musu, ina jin ta ɗauka tuba ne. Inna ta koma dafa ƙirji. Ta zauna gaban ɗan madubin da ke jikin ƙofa, ta zame ɗankwali, ta wangale baki tana duba wane gefen dasashi ya fi muni don ta nuna masa shi. Ta ce in ta zagi kanta sau ɗaya a gabansa, zai ga ƙofa a buɗe, jinin gidan zai yi sauran.

Juma'a ta zo ba a kira ba. Ta gaba ma haka. Duk la'asar ɗin Juma'a sai Inna ta tuna tana son ganin ko an sako ruwa a tur'a, ta ce in ɗauko waya ko wani zai nemi mijina. Mu hau gaɓa mu tsaya. Ta duba ruwan da kyau, ta ce ya ragu ko ya ƙaru, mu sauko. Aka gama tsinkar auduga, aka tuge itacen aka ƙone, muna zuwa duba ruwa. Na aika wa Yaya saƙon murya masu zafi, na aika masu sanyi. Yana saurara, ba ya amsawa.

Ranar da wayar ta yi ƙara, muna kan gaɓa, babu kowa a wurin wanki. Yaya ne, fuska a sake, Larabcinsa ya dawo wurinsa. Ya ce mini sun zauna shi da matarsa sun yi tunani, sun ga laifinsu ne da ba su koya wa yaro al'adarmu ba. Yanzu sun gyara. Ya ce in ba Inna, akwai abin mamaki.

Yaron yana zaune a kujera, ya miƙe baya, an sa masa farar jallabiya da hula. Hular ta sauko ta rufe saman kunnuwan. Inna ta karɓi waya, ta riga ta zame ɗankwali. Kafin ta yi magana ya haɗa hannuwansa a ƙirji, ya sunkuyar da kai, ya fara, da Hausa, kalma ɗaya ɗaya kamar mai taka ƙaya.

"Ina wuni, Hajiya. Ina gajiya. Allah ya ƙara girma. Allah ya ja kwana."

Muka ji uwarsa tana tafi daga gefe. Inna ta yi kamar ba ta ji ba. Ta matso da wayar daf da fuskarta, ta wangale baki, ta dafa ƙirji.

"Mai hed is wait. Mai maus, no tis. Mi old. Mi agli." Ta nuna dasashin da yatsa, ta jira. "Yu? Tok."

Na ga idon yaron ya sauka kan bakin nan. Na rantse na ga gefen leɓensa ya motsa, dariya ta taso masa. Sai ya kalli gefe, inda ubansa yake. Ya haɗiye ta, ya sake sunkuyar da kai.

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Na gode, Hajiya."

Inna ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta rufe bakinta, ta jawo ɗankwali ta ɗaura, ta ja tobi ta rufe kai har goshi. Da ta yi magana, muryar da take yi wa mufattish ce, jami'in noma, in ya zo duba hawasha.

"Lahiya lau. Ba gajiya. Madalla, madalla. A gaida mutanen gida."

Ta miƙo mini wayar da hannu biyu. "Karɓi, ki sallami baƙon."

Ta sauka daga gaɓar a hankali, tana dafa gwiwa, ta kama hanyar gida ba ta jira ni ba. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan la'asar ba, kuma ban sami abin zagi ko ɗaya a bakina ba. Yaya yana cikin wayar yana murmushi, yana ta tambayata ko ta ji daɗi.